Nauyin Juyi: Wili Ɗaya, Lambobi Shida

Laccar da aka gabatar a Tambuwal ga masu walda, masu injinan niƙa da na casa, da ɗaliban fasaha na yankin Tambuwal da Kebbe

Na ga waɗanda suka yi sammako daga Kebbe da Kuchi, na ga mutanen Dogon Daji da Sanyinna da Jabo. Kowa ya bar aikinsa ya zo. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

Da kuke shigowa kun wuce ƙarafa biyu a jingine a bakin ƙofa. Ɗaya faifai ne da aka yanka daga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 18. Ɗayan kuma wili ne mai hannuwa, tsakiyarsa a buɗe, namansa duk ya taru a baki. Mun ɗora su a sikeli da safen nan, kowanne kilo 40. Mun sa tef, kowanne faɗinsa santimita 60. Ga mai sayen tsohon ƙarfe kuɗinsu ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa ɗaura irinsu a shaf ya juya da hannu ya san ba ɗaya ba ne. Wilin ya fi taurin tashi, in kuma ya tashi ya fi wuyar tsayawa. Wannan bambanci shi ne maganarmu ta yau, shi da yadda ake auna shi, da yadda ake karanta awonsa idan ya zo mana a takardar Indiya ko ta Sin ko ta Amurka.

Abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ni dai a wurin kakata na fara ganinsa. Takan zauna da yamma da sefen auduga a hannun hagu, ta dangwali alli da yatsun dama, ta murza mazari sau ɗaya, ya yi ta gudu shi kaɗai tana jan zare. Tsinke ne kawai, ba shi da wani nauyi. Abin da ke riƙe masa gudun shi ne gululu, ɗan dunƙulen yumɓun nan da ke ƙasansa. Cire gululu, ka murza tsinken, kafin ka ɗauke hannu ya tsaya. Haka mai keken ɗinki: ƙafarsa takan danna ta saki, amma allura ba ta tsayawa tsakanin dannawa da dannawa, domin wilin ƙarfen da ke ƙasa ya karɓi ajiya yana biya. Ku dubi ɗan garuwa kuma. Garwa biyu a bakin sanda, in ya zo kwana sai ya bi a hankali, kayan na jan kafaɗarsa. Da zai rungume garewanin a ƙirji, nauyin ruwan bai ragu da ko cokali ba, amma zai juya nan take. Nisa daga cibiya shi ne ya canza.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, shi ya raɗa wa abin suna a littafinsa na 1765, da harshen Latin. Ɗalibanmu sun san shi da inashiya, a takarda kuma ana nuna shi da harafin I ko J. Ni a yau zan kira shi nauyin juyi, domin abin da nauyi yake ga kayan da ake turawa a miƙe, shi wannan yake ga kayan da ake juyawa.

Lissafinsa gajere ne. Ka ɗauki nauyin abu, ka ninka da nisansa daga cibiya, ka sake ninkawa da wannan nisan. Nauyi sau ɗaya, nisa sau biyu. Duk laccar nan a kan wannan sau biyun take tsaye.

Da a ce kilo 40 ɗin nan duk yana can baki, nisan mita 0.3 daga cibiya, sai mu ce 40 sau 0.3 sau 0.3, ya ba mu 3.6. Shi faifai kuwa namansa a warwatse yake, wani kusa da cibiya, wani a baki, shi ya sa rabin haka yake samu, wato 1.8. Ma'aunin kuma kilogiram sau mita sau mita, ana rubuta shi kg·m².

Na taɓa tsayawa a wata rumfar walda a nan ƙasar Tambuwal, wajen wani dattijo mai hannu ƙwarai. Ya ƙera injin casar masara, kyakkyawa, ɗinkin waldarsa kamar an zana. Matsalarsa ɗaya: in aka zuba masara da yawa sai injin ya shaƙe, gudu ya faɗi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ya gane wilin ne ya yi sauƙi, sai ya samo ƙarfe kilo 12 ya liƙa a jikin cibiya, wajen santimita 8 daga tsakiyar shaf, inda ya fi sauƙin kamawa. Ya ce mini, “Malam, na ƙara mai ƙarhe, amma awa ban yi komi ba.” Na tsuguna na rubuta masa a ƙasa da guntun waya. 12 sau 0.08 sau 0.08, bai kai 0.08 ba. Na ce, Baba, da wannan ƙarfen ka lanƙwasa shi zobe ka kai shi santimita 28, 12 sau 0.28 sau 0.28, ya zama 0.94. Ƙarfe ɗaya, kuɗi ɗaya, amfani ya ninka sau 12. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya kira yaronsa ya ce ya kawo masa faifan yanka. Hannunsa ya riga ya san maganar tun shekaru, lambar ce kawai ba a taɓa nuna masa ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne. Sai dai ranar da za ka sayi mota mai lantarki daga Kano, ko ka yi odar wili daga waje, ba idonka za a aika ba, lamba za a aika.

To ga inda gizo ke saƙa. Faifan nan namu na bakin ƙofa, idan Bajamushe ya rubuta takardarsa zai sa 1.8. Idan tsohon kundin Japan ne ko na Indiya ko na Sin, kana iya ganin 7.2. Ba'amurke zai rubuta 42.7, ɗan'uwansa a wani kamfanin ya rubuta 6,150. Mai ƙera ƙananan motoci zai sa 18,000, wani ma ya sa 18,000,000. Lambobi shida, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Faifan ɗaya ne, mudun ne ya bambanta.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan bambancin mudu ba. Wanda ya taɓa auno gero a wata kasuwa ya kai wata ya san ba ya jin “guda goma” ya miƙa kuɗi sai ya tambaya: tiya ce ko mudu, kuma ta wane gari? Iyayenmu da kamu da taƙi da gaba suke awo. Turawan Ingila suka zo da inci da ƙafa da yadi da laba. A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, a cikin waɗannan shekarun kuma ƙasar ta koma mita da kilo. Amma je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka nemi bututu ko ƙusa, da inci za a yi maka magana har gobe. Mai waldanmu yana sayen ƙarfe da inci, yana auna shi da kilo, injin da zai ɗaura masa kuma takardarsa da milimita ta zo. A cikin wannan cakuɗa yake aiki kullum, kuma ina ganin ba a yaba masa yadda ya kamata.

Bari mu warware lambobin, mu fara da wadda ta fi kayar da ɗalibai. Mita ɗaya santimita 100 ce, kowa ya sani. Saboda haka da yaro ya ga kg·cm² yana son ya mai da shi kg·m², sai hannunsa ya tafi ga raba wa 100. Kuskure ne, domin nisan sau biyu ya shiga lissafi, dole canjinsa ma ya shiga sau biyu: 100 sau 100, wato 10,000. Manomi ya fi kowa sanin wannan. Fili mai taki 10 a tsaye da 10 a kwance, idan ka mai da shi 20 da 20, irin da zai ci ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. To 1.8 sau 10,000 shi ne 18,000 ɗin da kuka ji. Idan kuma giram aka yi amfani da shi maimakon kilo, sai a ƙara ninkawa da 1,000, sau ɗaya tak, tunda nauyi sau ɗaya ya shiga. Ga 18,000,000 ta fito. In da milimita ce, 1,000 sau 1,000, miliyan guda ke nan a kan kowane kg·m².

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini aikinsa na ƙarshen karatu in duba, injin sussukar shinkafa ne. Yaro mai ƙwazo, zanensa tsaf. Ya samu 18,000 a kundi, ya raba wa 100, ya rubuta 180, ya gina duk sauran lissafinsa a kai, har ya kai ga cewa injin na buƙatar motar da ta fi ƙarfin aljihun duk wani manomi da na sani. Ban taɓa kalkuleta ba. Na tambaye shi nauyin gangar injin da faɗinta, ya faɗa, ashe daidai suke da na faifanmu. Na ce, ɗana, ko da duk naman ƙarfen nan ya koma baki, ba zai wuce 3.6 ba, ina ka samo 180? Ina roƙon kowa ya tafi da wannan gwajin gida, domin ba ya cin minti ɗaya. Ninka nauyin wilin duka da rabin faɗinsa sau biyu. Wannan shi ne rufi, babu wilin da ke wuce shi. Yawancin wilin da muke aiki da su tsakanin rabin wannan lamba da cikonta suke zama. In amsarka ta faɗa can nesa, koma ka duba mudunka.

Na Amurka kuma ba sai an haddace tebur ba. Tun 1959 aka daidaita cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, ƙafa ɗaya mita 0.3048, laba ɗaya kuma kilo 0.4536 in an taƙaita. Laba sau ƙafa sau ƙafa, sai ka sa kowanne a gurbinsa: 0.4536 sau 0.3048 sau 0.3048, ya ba ka 0.0421. Duk lambar da ka gani da lb·ft², ninka ta da 0.0421 ta koma tamu. Gwada da 42.7, za ka dawo 1.8. A kundin motocinsu sukan kira wannan WK². In kuwa da inci suka rubuta, lb·in², ka tuna ƙafa inci 12 ce, 12 sau 12 kuma 144. Raba 6,150 wa 144, ga ka a 42.7. Hanyar ɗaya ce ko wane irin ma'auni aka kawo maka: canza nauyi sau ɗaya, canza tsawo sau biyu.

Saura 7.2, kuma ita ce ta fi haɗari, don ta fi kama da gaskiya. Wanda ya samu 180 a maimakon 1.8 zai iya farga. Wanda ya samu 7.2 ba abin da zai tsikare shi. Tsofaffin injiniyoyi a Japan da Jamus da wasu ƙasashe sun saba lissafi da faɗin wili gaba ɗaya maimakon rabinsa, suna kiran abin GD², kuma har yau ana cin karo da shi a takardun motoci da na giya. Faɗi ninki biyu ne na rabin faɗi, ya shiga sau biyu, ya zama ninki huɗu. Saboda haka in ka ga GD², raba wa 4. Abin da ke ruɗarwa shi ne ma'aunin da ke gefensa kusan iri ɗaya ne da namu, wani lokaci ƙaramin harafin f kawai ke tsakani, kgf·m². Ku riƙa duba kan shafin da kyau kafin ku kwafi lamba.

Akwai wani tarkon da zan ambata a gurguje saboda ɗalibai masu harhaɗa ƙananan na'urori. 'Yan motocin nan da ba su wuce dunƙulen hannu ba, nauyin juyinsu 'yan gomomi ne a g·cm², wani kundin kuma da oza da inci yake ba da shi, inda oz·in² ɗaya ta kai g·cm² 183. Idan kuma ka ga daƙiƙa ta shigo cikin ma'aunin, kamar lb·in·s², to labar da ke ciki ta ƙarfin turi ce, ba ta sikeli ba, kuma tsakaninta da lb·in² ninki 386 ne. Kada wani ya ɗauka ƙananan mutane kaɗai irin wannan ke kayarwa. A watan Satumba na 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na masu aikin ya ba da lissafin turi da laba, ɗaya ɓangaren ya karanta shi a matsayin niyuton. Bambancin ninki 4.45 ne kawai.

Yanzu wani zai ce, Malam, mun ji, amma me lambar za ta yi mini a rumfa? Bari mu je wajen injin niƙa.

Dattawan da ke nan sun san tsohon Lister, mai silinda ɗaya da wili biyu manya, wanda aka fara ƙerawa a garin Dursley na Ingila wajen 1930, daga baya kamfanonin Rajkot a Indiya suka ci gaba da yin irinsa. Doki shida, zagaye 650 a minti. Inji ne mai bugu huɗu: ya shaƙi iska, ya matse, wuta ta tashi, ya fitar da hayaƙi. A cikin huɗun nan ɗaya ne kawai ke kawo ƙarfi, sauran ukun ci suke yi. Wannan tuk, tuk, tuk da kuke ji daga bayan gari, sau 325 a minti, shi ne lokacin samu. Tsakanin tuk da tuk, wilin ne ke ciyar da inji da dutsen niƙa baki ɗaya, kamar rumbu tsakanin kaka da kaka.

Ana iya auna abin da ke cikin rumbun. Ka ninka zagayen minti da 0.105 don ka mai da shi ma'aunin lissafi, 650 ya zama 68. Ka ninka 68 da kansa, ka ninka da nauyin juyi, ka raba biyu. Faifanmu mai 1.8 zai ba da jul 4,200 ko kusa da haka. Wannan ƙarfi ya isa ya ɗaga buhun shinkafa mai kilo 100 sama da mita 4, ya wuce rufin ɗakin nan. Lura kuma, gudu ma sau biyu ya shiga. Shi ya sa injinan Sin na yanzu, irin su S195 da ke zagaye wajen 2,000 a minti, ba sa buƙatar wili irin na Lister: gudun ya ninka sau uku, ajiyar kowane kilo ta ninka sau tara.

A nan nake so in ja hankalin iyayen gidana masu inji, kuma da gaske nake. Wannan ninkin da ke taimako shi ne kuma ke kisa. Akwai masu ɗaure gwamnan inji ko su canza fuli don niƙa ta yi sauri ranar kasuwa. Faifan da ke riƙe da jul 4,200 a zagaye 650, in ya kai 1,300 yana riƙe da kusan 17,000, buhun nan ya tashi mita 17 ke nan. Ƙarfen zubi kuma, wanda ake yin wilin tsofaffin injina da shi, yana da juriyar danni amma ba ya son ja, ba ya kuma lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi. Tsofaffin littattafan injiniya sun sa masa iyaka a wajen mita 30 a daƙiƙa a bakin wili. Wili mai faɗin santimita 60 a zagaye 650, bakinsa na tafiyar mita 20 a daƙiƙa. Kai shi zagaye 1,000, ya haura 31. Ƙara masa kauri ba zai cece shi ba, domin ƙarin naman shi ma jan kansa yake yi waje. Kuma wa ke tsaye kusa da bel a gidan niƙa? 'Ya'yanmu mata ne da ƙwarya a hannu, mayafi na kaɗawa. Don Allah kada a yi walda a jikin wilin zubi, kada a liƙa guntaye a baki ɗaya a bar ɗaya, wilin da ya tsage a sauke shi ko da tsagin bai kai gashi ba, kuma a yi wa wili da bel keji. Kuɗin kejin bai kai na buhu ɗaya ba.

Masu komawa lantarki, ko na janareta ko na hasken rana da ke yaɗuwa yanzu a fadamunmu, ku ma lambar nan ta shafe ku, ta wata fuska. Mota mai kilowat 5.5 da ke zagaye 1,450 a minti, ƙarfin murɗawarta wajen niyuton-mita 36 ne. Mu ƙaddara haka yake tun daga tashi, kuma ba a zuba kaya ba. In ka haɗa ta kai tsaye da ganga mai 1.8, za ta kai cikakken gudu a cikin daƙiƙa 7 zuwa 8. Amma injin niƙa mai guduma yana son gudu, sai ka sa fuli ya ninka masa zagaye sau biyu. Abin da motar za ta ji a jikinta ba 3.6 ba ne, 7.2 ne, domin ninkin fuli ma sau biyu yake shiga. Tashin ya koma rabin minti. A duk tsawon wannan lokaci motar na zuƙar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take sha in ta daidaita. Nan ne janareta ke durƙushewa, inbata ta yanke, waya ta yi wari, a kai wa mai naɗi, a ce motar jabu ce. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, an dai ɗora mata abin da ba a lissafa ba. In kuwa fulin rage gudu ya yi zuwa rabi, motar kashi ɗaya cikin huɗu kawai za ta ji.

Ɗalibai, akwai wani mai suna iri ɗaya da ke zuwa muku a darasin ƙarfin gini, shi ma da harafin I. Wancan babu kilo a cikinsa, tsawo ne sau huɗu, cm⁴ ko mm⁴, kuma juriyar lanƙwasa yake aunawa. Kafinta ya san shi: katako mai inci 2 da 6 in ka kafa shi a kan gefensa ya fi wanda aka kwantar tauri sau tara. Shaf mai milimita 30 ya fi mai 25 tauri sau biyu, ko da yake a ido ɗan bambanci ne. Wajen canza ma'auninsa sau huɗu ake ninkawa: cm⁴ ɗaya mm⁴ 10,000 ne, in⁴ ɗaya kuma cm⁴ 41.6. Da ka ga kilo ko laba a ma'auni, na juyi ne. Babu su, na lanƙwasa ne.

Muna da makarantu kewaye da mu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero nan kusa, ga Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da cibiyar injinan noma ta ƙasa da ke Ilorin sun daɗe suna fitar da zanen injinan sussuka da na casa. Amma injin da zai shiga gonar shinkafa a Kuchi, a ƙarshe hannun mai walda ne zai haɗa shi, da ƙarfen da ya samu, ba lallai wanda aka rubuta a zane ba. In babu faranti mai milimita 18 sai mai 12, shi zai yanke shawarar ko ya faɗaɗa wilin ko ya yi masa zobe. Saboda haka nake ganin wajibi ne wannan lissafi ya sauko rumfa, da Hausa, a kan kati ɗaya da za a manna a bango kusa da mitar wuta. Mu malamai kuma mu daina ba da maki ga lambar da ta zo tsirara. Yaron da ya rubuta 1.8 bai sa ma'auni a gefe ba, bai gama amsa ba.

Saura tambayar da na san tana bakin da yawa daga cikinku. Yawancin wilin da ke hannunmu daga tsofaffin injina aka ciro su, ba takarda, ba suna. Ta yaya za a san lambarsu? Akwai hanya, kuma ba ta buƙatar komai sai sikeli, tef, da agogon waya. Asalinta daga aikin Christiaan Huygens ne, mutumin Holan da ya yi littafi a kan lilon agogo a 1673.

Ka kafa guntun ƙarfe mai kusurwa a bango ko a jikin benci, kaifinsa na kallon sama. Ka rataya wilin a kai ta cikin bakinsa, yadda zai yi lilo ba tare da ya goga komai ba. Auna daga inda ya rataya zuwa tsakiyar ramin shaf. Ka ɗan tura shi kaɗan, kamar faɗin yatsu uku, kada ka wuce haka. Ka ƙirga zuwa da dawowa 20, ka raba lokacin wa 20. Na gwada da wilinmu mai hannuwa jiya da la'asar: nisan ratayar mita 0.27, lilo 20 ya ci daƙiƙa 29.4, kowane ɗaya 1.47 ke nan. Sai ka ninka lokacin da kansa, ya ba da 2.16. Ka ninka da nauyi, 40, ka ninka da nisa, 0.27, ka raba wa 4. An samu 5.83. Wannan nauyin juyinsa ne a inda ya rataya, mu kuwa na cibiya muke so, don haka sai a cire 40 sau 0.27 sau 0.27, wato 2.92. Abin da ya rage kg·m² 2.9. Ku gwada shi da ma'aunin da na ba ku ɗazu: ya fi 1.8 na faifai, bai kai rufin 3.6 ba. Ya zauna inda ya kamata wili mai nama a baki ya zauna. In mai sayar da mota ya tambaye ka GD², ka ce masa 11.6. In Ba'amurke ne, ka raba 2.9 wa 0.0421, ka ce masa 69.

Abin da na samu jiya ni kaɗai na gani, kuma na fi so ku gani da idonku. An riga an kafa ƙarfen ratayar a gindin darbejiyar da ke waje, akwai kuma wani wili na uku da wani bawan Allah ya kawo daga Kebbe a bayan babur, wanda ni ma ban auna ba tukuna. Samari biyu masu ƙarfi su ɗauko shi su ɗora a sikeli. Masu waya su buɗe agogo, mutum uku aƙalla, don mu kwatanta. Baba shugaban masu walda, in ka yarda, kai za ka tura mana lilon farko. Bismillah, mu fita.